Kwana Huɗu a Bakin Kurmin Ranomafana

Abu na farko da ya rikice masa shi ne alƙibla. Tun daga zauren gidansu a wani ƙauye na ƙasar Zazzau har zuwa ɗakunan masauki na Ibadan da Abidjan, gabas ya saba fuskanta in zai yi salla, har kalmomin biyu suka zama abu ɗaya a bakinsa. A daren da ya isa Ranomafana ya shimfiɗa darduma, ya duba wayarsa, sai kibiyar ta nuna masa arewa, har da ɗan karkatawa yamma. Ya girgiza wayar, ya sake dubawa. Kibiyar ba ta canza ra'ayi ba. Haka ya tayar da kabbara yana fuskantar wani tsauni da hazo ya lulluɓe, ƙarar kogi na cika masa kunne.

Masanin ƙasar noma ne, ya haura shekara arba'in, kuma taron masu binciken shinkafa ne ya kai shi Antananarivo, babban birnin Madagaska. Da aka tashi daga taron sauran kwanaki suka rage masa kafin jirginsa, sai wani abokin aiki ya ba shi shawarar ya gangara kudu ya ga kurmi. A jakarsa akwai daftarin wani rahoto da ya daɗe yana rubutawa, wanda babinsa na ƙarshe ke kira ga hukumomi su tsaurara hukunci kan manoman da ke cinna wa daji wuta. Ya yi niyyar kammala babin a can, tunda an ce masa garin shiru ne.

Tafiyar kimanin kilomita 400 ce, amma takan cinye yini guda cur. Hanyar ta ratsa Antsirabe da Ambositra, ta bi ta tsakiyar tuddai masu jar ƙasa, inda gidajen bulo masu bene ke tsaye siri-siri kuma gonakin shinkafa ke hawa jikin tudu kamar matakala. Shanu masu tozo na jan amalanke, irin waɗanda idonsa ya saba da su, sai dai fuskokin masu kora su sun fi kama da na mutanen Indunusiya. Ba abin mamaki ba ne: harshen Malagasi ɗan uwan wasu harsunan tsibirin Borneo ne, kuma kakannin mutanen sun ƙetaro Tekun Indiya ne a jiragen ruwa fiye da shekara dubu da suka wuce, suka haɗu da waɗanda suka zo daga gabashin Afirka. Direban, da ya ji daga inda fasinjansa ya fito, sai ya tambaye shi yadda rayuwa take "can Afirka". Baƙon ya yi dariya, bai yi gardama ba.

Kafin a kai Fianarantsoa motar ta karkata gabas, kuma a nan ne ƙasar ta sauya kama cikin ƙasa da sa'a guda. Tuddan da suke tsirara suka fara sa riga. Iska ta yi nauyi da danshi. Daga ƙauyen Vohiparara hanya ta fara gangara tana lanƙwasa, kogin Namorona na biye da ita yana faɗowa daga dutse zuwa dutse, bishiyoyi sun rufe sama har direba ya kunna fitila tun rana ba ta faɗi ba.

Garin kansa bai taka kara ya karya ba. Titi ɗaya ne, da kasuwa, da majami'u, da 'yan masaukai da aka gina saboda baƙi, da rumfunan da mata ke sayar da ayaba da zuma da gyale na saƙar hannu. Ma'anar sunan a harshen Malagasi ita ce "ruwan zafi", saboda maɓuɓɓugar da ke tsallaken kogi, wadda tun zamanin mulkin Faransa ake zuwa wanka a cikinta don neman lafiya. Wanda ya taɓa shiga Wikki a Yankari zai gane irin wurin, ko da yake ruwan nan ya fi wancan zafi. Shekaru masu yawa wannan maɓuɓɓuga ce kaɗai dalilin da zai sa wani ya tsaya a garin.

Abin da ya canza lissafin ya faru ne a 1986. Wata Ba'amurkiya mai nazarin dangin birai, Patricia Wright, ta shigo kurmin tana neman wani nau'in lemur mai cin gora da ake tsoron ya ƙare a duniya. Lemur ba biri ba ne, ɗan uwansa ne na nesa, mai dogon wutsiya da manyan idanu, kuma asalinsa Madagaska ce kaɗai, domin tsibirin ya rabu da sauran ƙasashe tun miliyoyin shekaru, halittunsa suka kama tasu hanyar. Wright ta samu wanda take nema. Sannan ita da wani Bajamushe, Bernhard Meier, suka ci karo da wani nau'in da kimiyya ba ta san da shi ba sam, mai ruwan zinariya a fuska da ƙirji. A daidai lokacin masu sayen katako sun fara shigowa da zarto. Ta shiga bin ofisoshi tana neman kuɗi da goyon baya, har a 1991 aka ayyana wurin a matsayin gandun daji na ƙasa, mai faɗin hekta kusan 41,600. A 2003 aka buɗe cibiyar bincike ta ValBio a bakin gandun, a 2007 kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gadon duniya tare da wasu kurame biyar na gabashin tsibirin.

Wannan shi ne labarin da ke cikin takardun yawon buɗe ido, kuma gaskiya ne.

Washegari da sassafe ya hau mota zuwa ƙofar gandun, 'yan kilomitoci sama da garin. Doka ce ba a shiga sai da jagora. Wanda aka haɗa shi da shi mutum ne siriri, ɗan kimanin shekara hamsin, sanye da takalmin roba da rigar ruwa da ta sha jiki. Yana jin Faransanci da Turanci gwargwado, kuma a kowace jimla sai ya ce "tompoko", wato kwatankwacin "ranka ya daɗe". Wani saurayi ya riga su shiga tun da asuba, aikinsa ke nan ya gano inda dabbobin suka kwana ya kira ta waya.

Bahaushe ya san kalmar kurmi, amma kurmin da ya sani ɗan zirin duhuwa ne a bakin rafi. Wannan wani abu ne dabam. Ruwan da ke sauka a nan a shekara ya ninka na Kano sau uku ko fiye, kuma babu abin da yake bushewa: ganye jiƙe, kututture jiƙe, dutse sanye da gansakuka. Hanyar hawa ce da gangara a kan saiwoyi masu santsi. Bai yi rabin sa'a ba numfashinsa ya fara fita da ƙara, gilashin idonsa ya yi gumi. Jagoran kuwa tafe yake kamar a tsakar gida, yana tsayawa jefi-jefi ya nuna wani abu da ɗan yatsa: hawainiyar da ba ta kai tsawon ashana biyu ba, ko wata tsaka da ta manne a jikin itace ta zama ɓawo har sai da ta motsa ido sannan baƙon ya yarda mai rai ce. Ya nuna masa ganyen da ake tafasawa don ciwon ciki, da itacen da ba a saransa saboda haramcin kakanni, abin da suke kira fady.

Wajen ƙarfe tara waya ta yi ƙara, suka bar hanya suka kutsa cikin gora. Can sama, su uku, suna zaune sun rungume kara, suna fasa tsiron gora da haƙora suna ci. Ƙananan halittu ne, kowanne kimanin kilo ɗaya da rabi. Abin da ya sa masana ke yi musu kallon al'ajabi shi ne abincin nasu: tsiron wannan gora cike yake da sayanayid, gubar nan da ke cikin rogo mai ɗaci wadda ake jiƙa shi don a fitar da ita. An kiyasta cewa abin da lemur ɗaya ke ci a yini ya ninka abin da zai kashe dabba mai girmansa kusan sau goma sha biyu. Suka ci, suka leƙo mutanen da ke ƙasa, suka ci gaba da ci. Baƙon ya tsaya ya fi minti ashirin bai ɗauki hoto ba. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana auna ƙasa a kwalba, bai yi tsammanin wata 'yar dabba za ta sa ya ce "Subhanallah" a fili ba.

Sai da suka kai wata rumfar hutawa a kan tudu ya lura safarsa ta yi ja. Matsattsaku ne, huɗu, sun sha sun ƙoshi. Jagoran ya cire su da farce yana ba shi haƙuri, ya ce jinin zai ɗan daɗe yana zuba. Daga rumfar ana hango tsaunuka jere, kore shar. Amma daga can gabas, bayan iyakar gandun, hayaƙi na tashi a wuri uku. Watan Oktoba ne.

Baƙon ya nuna hayaƙin, ya ce abin takaici ne. Jagoran ya dube shi, ya ce, "Tompoko, shinkafa ce."

Sunan abin tavy, kuma duk manomin da ya taɓa yin sassabe zai gane shi. Ana sare wani yanki na daji a jikin tudu, a bar shi ya bushe, a cinna masa wuta gab da saukar damina, sannan a bi da tsinin sanda ana huda ƙasa ana zuba irin shinkafar tudu. Baƙon ya fi kowa sanin dalilin da ya sa hakan ke aiki. Arzikin kurmi a jikin bishiyoyi yake, ba a ƙasa ba. Ruwan sama ya daɗe da wanke ƙasar, ta yi tsami, ga ƙarancin sinadaran da shuka ke buƙata. Toka ita ce takin talaka: tana rage tsamin, tana mayar wa ƙasa abin da itace ya tara. Shekara ɗaya ko biyu ana samun shinkafa, sai a sa rogo, sai a bar gonar ta zama saura. Muddin za a bar ta ta huta shekara goma zuwa goma sha biyar, daji na komawa, tsarin kuma yana iya ɗorewa. Matsalar ita ce hutun ya gajarce. A wurare da dama na gabashin tsibirin ya koma shekara uku zuwa biyar, kuma bayan 'yan zagaye ƙasar takan mutu, ta koma ciyawa, zaizaya ta kwashe saura. Mutanen Madagaska ba su wuce miliyan biyar ba a 1950. Ƙidayar 2018 ta samu sama da miliyan 25. Wani nazari da aka yi da tsofaffin taswirori da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna tsibirin ya rasa kashi 44 cikin ɗari na dajinsa tsakanin 1953 da 2014.

Duk wannan yana cikin kansa, kuma shi ne ƙashin bayan babin da ke jakarsa. Abin da bai sani ba shi ne tsufan dokar da yake shirin ba da shawara. Tun 1881, kafin mulkin Turawa, kundin dokokin Sarauniya Ranavalona ta Biyu ya haramta ƙona daji. Faransawa, da suka mallaki tsibirin a 1896, suka sake haramtawa, alhali su da kansu suna raba wa kamfanoni izinin sarar katako suna tura manoma noman gahawa. Sai tavy ya tashi daga hanyar samun abinci kawai ya zama alamar cewa mutum bai miƙa wuya ba. Boren 1947, wanda aka murƙushe da asarar dubban rayuka, a wannan gefen gabas ya fi zafi, kuma kurmi ne ya ɓoye mayaƙansa. Fiye da ƙarni guda ana hanawa, hayaƙi bai daina tashi ba.

Jagoran ɗan ƙabilar Tanala ne, sunan da ke nufin "mutanen daji". Ya ce mahaifinsa na da saura a wani kwari da yanzu yake cikin gandun. Yana saurayi aka zo aka shata iyaka, aka ce daga nan zuwa can ba sara, ba farauta, ba ɗibar zuma. Ya faɗi haka ba tare da ɗaci a murya ba, kamar mai ba da labarin ambaliya. Ya ƙara da cewa duk abin da ya nuna wa baƙon tun safe, ganye da sawu da kukan tsuntsu, a bayan mahaifinsa ya koya suna neman abin kaiwa baka. Ilmin da a da za a kama mutum saboda shi, yau shi ake biyansa ya nuna.

A nan ne baƙon ya yi abin da masana suka saba yi: ya kawo mafita. Ya ce ai a ƙasar nan aka ƙirƙiro dabarar da duniya ke koyi da ita. Gaskiya ya faɗa. Wani limamin Katolika Bafaranshe, Henri de Laulanié, shi ya tsara ta a Madagaska a farkon shekarun 1980: a dasa shinkafa tun tana 'yar kwana takwas zuwa goma sha biyar, ƙwaya ɗaya a rami, da tazara mai faɗi, kada a bar ruwa ya kwanta a gona kullum, a yawaita cire ciyawa. A shekarun 1990 an kawo ta ƙauyukan da ke kewaye da wannan gandu musamman don fadama ta wadatar, a bar tudu ya huta, kuma waɗanda suka bi ta sun ga ƙarin amfani. Me ya sa ba a rungume ta ba?

Jagoran ya yi murmushi. Ya ce, na farko, sai mai fadama. Na biyu, lokacin da dabarar ke neman hannu da yawa shi ne lokacin da rumbu ya ƙare, wanda talaka ke fita ƙwadago a gonar wani don a ci da dare. Wanda zai zauna yana dasa shinkafa ƙwaya-ƙwaya a tasa gonar sai wanda yake da abincin wata guda a ajiye. Masu binciken da suka bi diddigin lamarin a yankin sun isa ga wannan amsar bayan shekaru da tambayoyi masu yawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da dare, a masauki, ya ci shinkafa da wake, ya sha ruwan ƙanzon shinkafa da ake kawowa da zafi bayan abinci. Ya buɗe kwamfuta a kan babin nasa. Bai rubuta ko kalma ba, domin wani abu da ya yi shekara talatin da wani abu bai tuna ba ya zo ya zauna masa a gaba. Yana ɗan shekara tara, ya bi mahaifinsa gona a bakin gandun gwamnati. Tsohon ya sari wani reshe da ke yi wa dawarsa inuwa. Malamin daji ya ɓullo a kan keke, ya karɓe gatarin, ya yi masa faɗa a gaban ɗansa kamar yaro. Mahaifin ya cire hula ya durƙusa. A hanyar komawa gida bai ce uffan ba, kuma har ya rasu ba a taɓa tayar da zancen ba. Yaron ya girma ya yi karatu, ya koyi dalilin da ya sa ake hana sara, ya gamsu da dalilin, har yau ma ya gamsu. Abin da bai taɓa lura da shi ba shi ne a wane gefen keken ya ƙare.

Ba za a yi wa gandun adalci ba idan aka ce bai kawo komai ba. Tsarin da aka shimfiɗa a shekarun 1990 ya tanadi rabin kuɗin shiga don ayyukan ƙauyukan kewaye, kuma an ga makarantu da ƙananan madatsun ruwa. Akwai jagorori, da masu ɗaukar kaya, da mataimakan bincike da suka zama ƙwararru, da 'ya'yan gari da suka yi digiri a kan halittun dajinsu. Tun 2014 ƙungiyar lafiya ta Pivot ke aiki da asibitocin gundumar Ifanadiana. Kogin Namorona, wanda kurmin ke shayarwa, shi ke juya injinan da ke ba Fianarantsoa wuta. Kuma wanda ya ga tuddan da ke wajen iyaka ya san abin da zai faru da na ciki in da ba a shata ta ba. Lemur mai ruwan zinariya da yanzu sai a hoto.

Sai dai alherin titi yake bi. Garin da ƙauyukan da ke bakin kwalta su suke ganin baƙi. Ƙauyukan da ke kewaye da gandun sun haura ɗari, da yawansu sai an yi yini ana tafiya a ƙasa kafin a kai su, kuma su ne suka fi rasa saura. Wanda ya biya farashin dabam, wanda ya karɓi canjin dabam. Arzikin baƙi kuma ba shi da tabbas: da aka rufe iyakokin ƙasar a Maris 2020 saboda korona, jagorori suka zauna ba aiki wata da watanni, sannan a Fabrairu 2022 guguwar Batsirai ta shigo ta Mananjary ta bi ta yankin tana kwashe rufi da gonaki. Jagoran ya ce a waɗannan shekarun da yawa sun koma tudu, wasu sun shiga haƙar zinariya a rafukan daji. Baƙon bai tambaye shi ko yana cikinsu ba.

Sauran kwanakin sun wuce da sauri. Ya bi masu fita da tocila da dare a gefen titi, aka nuna masa lemur ɗan mitsitsi kamar ɓera yana lasar ayabar da aka shafa a reshe, abin da ya ɗan ba shi kunya a madadin kowa. Ya ji labarin Antemoro na bakin teku, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta harshensu da haruffan Larabci, rubutun da suke kira sorabe, ya yi sha'awar ganin wannan ajami na wata duniya, lokaci bai ba shi dama ba. A yammacin ƙarshe ya tsallaka kogi ya tsoma ƙafafunsa a ruwan zafin, cizon matsattsakun na yi masa ƙaiƙayi. Yara na ta iyo suna ihu. Daga inda yake zaune ana ganin kurmin a hagu, hayaƙin a dama.

A nan ya kira babban wansa. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, ya ce, "Yaya, ka tuna gatarin Baba da malamin daji ya karɓe?"

Aka yi shiru a ɗaya gefen, har ya zaci layin ya yanke. Sai wan ya ce, "Ikon Allah. Me ya tuna maka da wannan a ƙasar mutane?"

"An dawo masa da shi kuwa?"

"An aiko ya je ya karɓa a gidan dagaci, ya biya tara. Bai je ba. Sabo ya sa maƙeri ya ƙera masa, shi ne wanda ke ɗakin Inna har yanzu."

Da asuba motar ta kama hawan da ta gangaro, fitilunta na yanka hazo. A Vohiparara wasu mata sun riga sun fito bakin titi da kwanukan ƙaguwar rafi da aka dafa ta yi ja, suna ɗaga wa motoci. Direban ya rage gudu ya tambaye shi ko zai saya. Ya ce a tsaya.